Wa'adin Inshora da Kwanakin Takaba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zubin adashi da 'yan uwana malaman firamare a Gwale, ban taɓa ɗaukar kwasata na sayi ko ɗan kunne ba. Da babanmu ya rasu aka raba gado, shanu biyu da ɗan maraƙi suka faɗo a rabona, na sa aka sayar na haɗa. Ba wasu kuɗi ba ne na a zo a gani, amma su ke nan abin da na mallaka, ga naira kullum sai zagwanyewa take yi a hannu. Dole na nemi inda zan sa su.

Nan fa kowa ya zama masani. Innata, wadda ta tsufa a cikin birni amma har gobe ba ta san wani arziki ba sai mai ƙafa huɗu, ta ce a sake sayen shanu a kai wa kawuna ruga. Na ce, "Inna, shanun da ake korewa da rana tsaka? Kawun ma ai ya gudo gari." Ta ce boko ya gama da ni. Wata abokiyar aikina ta ce gwal, ba ya ci ba ya sha. Wata ta ce na sayi firiza biyu na riƙa sayar da ƙanƙara, sai ka ce wutar muke da ita. Na saurari kowa, ban ɗauki ta kowa ba.

Gida nake so. Ɗaki biyu muke da su a gidan gadon su Malam, mijina, mu da yara huɗu, banɗaki ɗaya kuwa na mutum ashirin da wani abu. Na gaji da bin layi da buta a hannu. Malam ma'aikacin gwamnati ne, ya ji wani banki yana ba ma'aikata bashin sayen gida, a riƙa cira daga albashi har shekara goma sha biyar, amma sai ka ajiye kafin alƙalami. Muka samu wani ɗan gida wajen Ƙofar Ruwa, ɗaki uku da rijiya, kuɗina suka zo daidai da kafin alƙalamin. Da yake albashinsa ya fi nawa, bashin da takardun gidan duk da sunansa aka yi. Ban ce a rubuta komai tsakaninmu ba, ko a raina abin bai zo ba.

Abin da ban sani ba, bankin ba ya ba da bashin sai da inshora, wadda in mai bashin ya rasu kamfanin ne zai biya ragowar, iyali su riƙe gidansu. Malam ya sa hannu ya yi shiru da bakinsa. Na san dalili. Yayansa, wanda duk muke kira Yaya, shi ne babba a gidan, kuma a wajensa inshora caca ce, rashin tawakkali ne, wai mutum yana ciniki da ajalinsa. Bashin bankin ma da ƙyar ya haɗiye shi. Malam kuwa mutum ne da ba ya son jayayya, gara ya ɓoye abu da a yi ta ja-in-ja da shi. Allah Ya jiƙansa, wannan halin nasa ya cuce mu.

Shekara ɗaya da rabi muka yi a gidan. Wata Asabar bayan azahar ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta a falo. Na je ɗebo masa ruwa, kafin na dawo ya cika. Wani maƙwabcinmu ya ce a kai shi asibiti likita ya duba ya ba da takarda. Yaya ya ce me likita zai yi wa wanda ya riga ya tafi, ba za a ɗauki gawar ƙaninsa ana yawo da ita a titi ba. Ni ma da an tambaye ni haka zan ce. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar, kafin magariba masu kai shi sun dawo.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Hutun da aka ba ni a makaranta na ƙarar da shi a ɗaki, ban leƙa ko zaure ba. Albashin Malam ya tsaya, banki suka ga ba a biya ba, suka aiko da wasiƙa har sau biyu. Duk biyun a hannun Yaya suka faɗa, don shi ne ke zama a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ya ninke ya sa a aljihu. Daga baya ya ce mini ba a yi wa mai takaba maganar kuɗi, kuma wane irin ɗan uwa ne zai tafi banki ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta bushe ba. Tausayina ya ji. Har yau na kasa yanke wa raina ko in gode masa ko in tsine wa wannan tausayin.

Kwana biyu da fita takaba ya miƙo mini wasiƙun, na tafi bankin. Wata yarinya mai ladabi ta buɗe fayil, ta yi mini gaisuwa, ta ce, "Malama, ai akwai inshora a kan bashin nan. Ba ku sanar da su ba?" Na ce inshorar me? Ta yi mini bayani. Wallahi a kan kujerar nan na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe Malam ya yi mana tanadi. Na fito ina ta yi masa addu'a a cikin adaidaita.

A ofishin inshorar wani mutum mai tabarau ya karɓe ni. Bai yi mini wulaƙanci ba, da ma ya yi, da na samu wanda zan zaga. Ya buɗe takardar da Malam ya sa wa hannu, ya ɗora biro a kan layi biyu. Na farko, a sanar da su rasuwa cikin kwana casa'in. Na biyu, a kawo takardar likita mai nuna abin da ya yi ajalin mutum. Na ce, "Alhaji, kai ba Musulmi ba ne? Ka san kwanakin takaba, ka san yadda muke binne mutanenmu." Ya ce, "Na sani, Malama. Mahaifina ma haka aka yi masa. Amma ba ni na rubuta ba, kuma ba a nan ake yanke hukunci ba." Na kawo takardar mai unguwa, na kawo ta limamin da ya sallace shi, na je kotu na yi rantsuwa. Aka aika da su can babban ofis. Wata biyu ina sintiri, amsa ta dawo layi uku, ba za su biya ba.

Ana cikin haka wani ɗan kamasho mai shige-da-fice a bakin ofishin ya ja ni gefe. Ya ce in zan ba da wani abu, za a samo mini takardar asibiti mai nuna watan jiya Malam ya rasu a kan gadonsu, a sake buɗe fayil. Ba zan yi ƙarya ba, kwana uku ina juya maganar. Daga ƙarshe na tambayi kaina, in watan jiya ya rasu, to takabar wa na yi? Kuma gidan da zan samu da ƙarya a kan gawar ubansu, a cikinsa zan ce wa yara su yi sallah? Ban koma wajen mutumin ba.

Wani lauya ya ce za a iya kai ƙara, akwai alamar nasara, amma a shirya wa shekaru. Bashin kuwa kullum ƙaruwa yake yi, albashina ko rabin biyan wata ba zai kai ba in har za mu ci abinci. Abin da ya fi damuna ma ba shi ba ne. Mun taso muna ji mamaci ba ya samun sukuni matuƙar da bashi a kansa. Duk sallar da na yi sai na tuna yana can kwance da nauyin banki a wuyansa, ni kuma ina nan ina riƙe da gini. Na ce a sayar da gidan.

Dillalai sun san na matsu, suka yi mini tayin wulaƙanci, na sallama. Banki suka cire nasu da tarar jinkiri, dillali ya cire la'adarsa. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na zuba ba. Muka kwashe kaya a kura muka koma ɗakunan nan biyu.

Tunda gidan da sunansa yake, ragowar ta zama gado. Aka kira malamin da zai raba, aka zauna a tsakar gida, ga Hajiya mahaifiyar marigayin, ga yarana huɗu a jere. Kafin ya fara ya ce, "Akwai wanda yake bin mamaci bashi? A faɗa yanzu, don bashi ake fara fitarwa." Yaya ya san kuɗin wa aka ajiye a banki. Ya juyo wajena, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ki yi magana mana, hakkinki ne."

In na faɗa, duk abin da ke gabanmu ba zai biya ni ba. Za a tashi ke nan a kan cewa Malam ya tafi da bashin da dukiyarsa ta kasa rufewa, a gaban tsohuwarsa da 'ya'yansa, bayan na sayar da gida sukutum don a sauke masa. Malamin ya sake tambaya, ya ambaci matar mamaci.

Na ce, "Babu, Allah gafarta malam. Ba na bin sa komai."

Ya rubuta, ya fitar mini da tumunina. Hajiya ta ce Allah Ya yi wa ɗanta rahama, mutum ne da bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Na ce amin tare da kowa.