Gashin Hajiya a Sanyuanli

Ɗazu na buɗe famfo a masaukina na Sanyuanli, warin ruwan ya bugi hancina, sai Hajiya ta faɗo mini a rai, dattijuwar da ta fara kawo ni China saro kaya. Ba ta yarda ruwan famfon nan ya taɓa kanta. Na roba take saye, ta ɗumama, ta wanke, ta bi da man kaɗanya.

A zuwanmu na ƙarshe ta ce in tsefe mata kitso. Ina sa mataji, gashi ya biyo shi curi guda, ya bar fili a tsakar kanta. Na dakata da tsifar.

"Hajiya, kin gani kuwa?"

"Ruwan garin nan ne, 'yar nan. Ci gaba."

Na san ba ruwan ba ne, don ni nake ɗauko mata na robar. Ta tattara gashin a ɗankwali ta ƙulle. Ba ta dube ni ba ta ce, "A Kano za a binne shi."

Ashe ciwo ya daɗe yana cinta. Ba ta ga azumin shekarar ba.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Hajiya, Ya shayar da ke ruwan Alkausara.