Ruwan da na sha kafin hoton nono

Ina wanka ranar wata Juma'a hannuna ya taɓo shi, wani ƙulli a nonona na hagu, bai fi ƙwallon magarya ba. Autana ya shekara biyu da yaye, don haka ba daskararren nono ba ne. Kwana tara ban faɗa wa kowa ba sai Allah, a sujada. In ina tuƙa tuwo sai in saki muciya in laluba, ko ya tafi. Yana nan. Sunan ciwon daji kuwa ko a zuci ba na iya kiransa har ƙarshe.

Yayata da ke aure a unguwar Nkomkana ita na fara faɗa wa. Ta latsa wurin ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama matsoraciya ce. Ɗauko mayafinki." A asibiti aka duba, aka rubuta mini takardar eko, wato hoton da ake yi da na'ura a kan fata, aka ce in dawo Alhamis.

Eko ba baƙo ba ne a wurina. Ciki huɗu na yi, kuma a farkon kowanne sai an ce in sha ruwa in riƙe fitsari. Yaya ma ta tuna mini: "Ki sha da yawa, in babu ruwa na'urar makauniya ce." Na shanye babbar gora, na ƙara kofi biyu don kada a samu matsala. Ni da Yaya muka shiga taksi daga unguwarmu Briqueterie, cunkoso ya tsare mu wajen Messa, duk ramin da direba ya faɗa sai na yi salati.

Likitar mace ce, na gode wa Allah da haka. Ta shafa mini man nan mai sanyi, ta dinga zagaya na'urar. Na ƙura wa allon ido ina neman abin da na saba gani, kan jariri ko bugun zuciyarsa. Babu. Toka-toka kawai kamar hadari, sai wata baƙar da'ira a tsakiya. Ban san me zan roƙa ba, ya fito sosai ko kada ya fito.

Ta yi mini bayani da Faransanci a hankali. Ta ce 'yar jaka ce mai ruwa a ciki, gefenta sumul. Wanda suke tsoro yawanci tsoka ne, gefensa a yayyage. "Ruwa ne kawai, madam." Na ce na gode, na fita da gudu neman bayan gida.

A can tunanin ya same ni. Ruwa? Ruwan wa? Ni da na cika cikina da ruwa tun asuba, mene ne abin mamaki in an ga ruwa a jikina? Idan shi ya hau ya rufe mugun abin fa?

Maigida ya ga takardar ya yi hamdala, ya aiko da tsire mai zafi daga bakin titi. Yara suka cinye, ni ko yanka ɗaya ban ci ba. Yaya da ta rako ni gida na kira gefe na faɗa mata.

"Ruwan ciki ya hau nono? Ke wai da gaske kin yi boko?" Ta yi dariya har da tafawa. Can kuma ta daina dariyar. "Amma fa... mai shayarwa in ta sha kunu, ina yake zuwa?"

"Abin da nake faɗa miki ke nan, Yaya!"

"To ni kuma na ce ki sha. Innalillahi."

Muka zauna muna kallon juna. Na yi ta ƙoƙarin tuno zanen jikin mutum na littafinmu na sakandare, ciki, hanji, ƙoda, amma ban tuna wace hanya ce ta bi ta ƙirji ba.

Ranar Litinin na ɗauki azumin nafila, ko ɗigon ruwa bai shiga bakina ba, na koma ni kaɗai. Da na gama bayani likitar ta fara dariya, sai ta ga hawayena ta daina. Ta ce shan ruwan na hoton mara ne, nono babu ruwansa da shi, kuma ruwan jakar a nan jiki ya tara shi. Na ce, "Don Allah ki sake dubawa, yau a bushe nake." Ta dube ni, ta nuna mini gadon.

Ta ajiye hoton Alhamis kusa da allon. Baƙar da'irar nan dai, girmanta ɗaya, gefenta sumul. Ta sa na duba da idona sau biyu. Ta ce in ƙullin ya ƙara girma ko ya sauya in dawo, kada in jira.

Har yau ban gane yadda ruwa ke taruwa a inda ba a zuba shi ba, kuma ina lalubawa in ina wanka. Amma da aka kira magariba a ranar na sha ruwa ba tare da fargaba ba, na ce wa maigida tsiren nan da ya wuce ni ya sake aiko mini da shi.