Guɗar Gwaggo

Jiya ina zaune ƙofar gida a Zariya, motar 'yan siyasa ta wuce, wata mata a ciki ta rangaɗa guɗa. Sai na ji goron bakina ya yi ɗaci. Gwaggona ta faɗo mani a rai.

Ni dai ba mai ilimi ba ne. Na shiga lekol, makarantar boko, da kaka, kafin damina malam ya gane da ni da bencin duk ɗaya muke. Amma kunne Allah ya ba ni, kuma ban taɓa jin murya irin ta ƙanwar babana ba. In ta yi guɗa a garinmu Jiratawa, sai tsuntsaye su tashi daga gero. Har daga Tibiri ake aiko mota a ɗauke ta, in manya za su zo.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da ɗan fegin albasa can ƙarshen kwata, inda ruwa ke isa a gajiye. Wata shekara da rani za a zaɓi masu rabon ruwa. Gwaggo ta ce za ta tsaya, don ta gaji da kallon ganye yana yin ja.

Ƙarƙashin itacen bedi aka yi taron, kan tabarmi. Mace ba ta hawa tabarmar maza. Tana da baki, amma sai ta tsaya bayan zana, wani namiji na gidansu ya isar. Ta kira babana ta faɗa mashi komai, har da rantsuwa.

Baba ya dawo, ya dubi dattawa, ya sosa ƙeya.

"Ta ce tana gaishe ku, Allah ya ba da sa'a."

Aka ce amin. Wani ma ya ce, "To, ta yi mana guɗa mana!"

Ba ta yi ba. Albasar ta bushe kafin azumi. Daga ranar kuwa, ko bikin 'ya'yanta, ba wanda ya sake jin guɗarta har ta koma ga Allah.

Yanzu an ce zamani ya sake, mata har kujera ake ware masu. Ɗiyata, mai takardun da ubanta bai iya karantawa, ta je neman kujerar konseye, wato kansila, a Maraɗi. Ta dawo da atamfa mai hoton wani alhaji. 'Yan jam'iyya sun ce muryarta ta yi masu, ita za ta ja ayarin mata masu guɗa.

"Baba, in yi?"

Muryar gwaggo ce sak. Na buɗe baki, sai na ji hannuna ya tafi ƙeya. Na maido shi.

"Koma ki hau tabarmar," na ce. "Ni zan yi guɗar."