Binnen da Ya Cinye Geron Kakana

Da zarar ruwan farko ya taɓa ƙasa, ƙamshin nan ya taso, sai in gan ni a gonar kakana a bayan Mabai, yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Gero ne da ya gada wurin kakansa, ba mai irinsa duk yankin. Zangarniyarsa kuwa sai ƙato biyu ke ɗauka. To, ku rage rabi, har yanzu dai gero ne.

Na tafi jami'a lokacin da arzikin man fetur ya haukata ƙasa. Lissafin yiwuwa nake karantawa, wato yadda abu ke tafiya bisa dace, taki bayan taki, ba wanda ya san inda zai sa ƙafa gaba. Da na zo hutu na yi wa tsohon bayani har bakina ya bushe. Ya dube ni ya ce, "Ashe gwamnati na ciyar da kai da naman kaza don ka ce wataƙila? Sannu, Malam Wataƙila."

A hutun nan na tarar farin da aka yi a daminar baya ya share mana rumbu, iri kaɗai ya rage a rataye. Ga baffannina sun sami aikin titi a Kaduna, mota na jiransu. Sai kakan ya ce a yi binne kafin su tafi, a shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa.

Kakata ta ce, "Malam, a rage ko ƙwarya guda."

Ya ce, "In sun tafi wa za ya shuka ragowar? Ni da ke da wanga ɗan bokon? Kai Wataƙila, mi littafi ya ce?"

Na ce mashi, "Baba, ya ce ba a sani ba."

"Madalla. Karatunmu ɗaya."

Muka binne shi duka.

Ina makaranta wani direban garinmu ya kawo mani labari. An yi yayyafi, daidai wanda zai yaudari iri. Gona ta yi kore shar, sannan sama ta kulle, rana ta ƙone tsiron ƙurmus. Da damina ta zauna, a kasuwar Sheme aka sayo wani iri aka sake shuka. Tsohon bai zargi kowa ba. An ce da ya ci tuwon sabon geron sai ya ce, "Yana cika ciki," ya wanke hannu.

A zangon nan malaminmu ya kawo darasin yadda zuriya ke ƙarewa. Wani ya haifi da yawa, wani ko ɗaya, adadi ya hau ya sauka, amma ranar da ya taɓa sifili ba ya sake tashi. Ni da ke hana aji zama da barkwanci, ranar geron kakana kawai nake gani a allo.

Yau iri a leda yake zuwa, da hoto a jiki, kowace shekara sai an sayi sabo, ba wanda ke gadonsa. Na bi Daudawa, na bi Sabuwa ina cigiyar namu, tsofaffin da suka san shi sun ƙare. Ni ke koyar da darasin yanzu. In na rubuta sifilin nan a allo, nakan daɗe ban juyo ba, yara na zaton na manta abin da ke gaba ne.