Garemani a Ƙofar Coci

Ƙarar sakata na fara ji a bayana. Matan zumunta da ke kaɗa tulu suka tsaya cak. Daga waje ƙarfe na dukan ƙarfe, ga muryoyin maza da yawa suna matsowa.

Ni kaɗai ce mai hijabi a cikin cocin. Bikin ƙawata na je, wadda muka yi zaman benci ɗaya da ita a sakandare a Karaye. Ƙauyensu yana can gaba da Rogo, da ƙyar ma Baba ya bar ni.

Tun da hantsi kakar amarya ta riƙe ni tana zagayawa da ni. Ta nuna mini inda siminti ya ɓantare, jar ƙasa ta leƙo. Ta ce iyayensu Maguzawa ne suka gina cocin bayan kaka, su kuma suna 'yan mata suna ɗebo ruwa daga rafi. Azarar rufin maƙwabtansu Musulmi ne suka kawo, tana nan har yau, ta yi baƙi wuluk. Na daɗe ina kallonta, wurin ya kwanta mini ƙwarai.

Amma da aka danna sakatar nan, duk labarin tashin hankalin da na taɓa ji a rediyo ya dawo mini. Na dubi taga, ƙarafa ne. Na dubi ƙawata, tana cikin lulluɓi, ko motsi. Babu addu'ar da ban karanta ba. Har yanzu in an rufe ƙofa da ƙarfi gabana faɗuwa yake yi.

Na damƙi zanen tsohuwar. "Kaka, su wane ne?"

"Ɓarayi ne," ta ce, ko a jikinta. "Yarinyarmu suka zo ɗauka."

Hawaye suka zubo mini. A lokacin wata gwaggon amarya ta kara baki a jikin ƙofa.

"Huɗar da kuka yi wa yayana duk a karkace take. Ku koma."

"Haba Gwaggo, ƙasarku ce da tauri," wani ya amsa daga waje.

"Ƙasar ce, ko hannun angonku ne na tuwo?"

Cocin ya ɗauki dariya. Sai tsohuwar ta juyo ta ga hawayena, ta dube ni sosai.

"Ashe shashashar jikar nan tawa ba ta gaya miki ba? Abokan ango ne da garemaninsu. A nan saurayi sai ya yi wa surukai noma da gayyarsa. Ran aure mu rufe ƙofa, su yi ta kaɗa garma suna roƙo, mu kushe aikin son ranmu, sannan mu buɗe. Ni ma haka aka yi mini."

Rana ta kusa tsaka. Ta goge mini fuska da bakin gyalenta.

"Yi haƙuri, 'yar nan, bakina ne. Babu mai taɓa ki a ɗakin nan. Ana tashi mu je gida, na sa an ajiye miki buta da tabarma."