Ranar da Muka Kai Baba Gwajin Mantuwa a Wudil

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Darki, ni da Baba da yayata. Wata likita mai bincike kan tsufan ƙwaƙwalwa ce ta zo Wudil ganin dattawa, na matsa sai mun je. Tun damina Baba ke mantuwa. Sau biyu ya ɓace tsakanin masallaci da gida, har 'yan uwa suka fara zancen a riƙa kulle shi a ɗaki.

Juma'a ce, ranar kasuwa, titi cike da motocin shanu. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ɗora wa fetur laifi, sannan ya cusa mu huɗu, har da wani fasinja, a kujerar mutum uku. Kusa da gada muka karya da soyayyen kifi. Baba ya ce gishiri ya yi yawa, amma ya cinye nasa tas.

A asibiti mun tarar da dattawa jere a benci. Da layi ya zo kanmu, likitar ta rusuna ta gaishe shi, ta faɗa masa abu uku ya riƙe: ƙwarya, doki, tabarma. Ta ce ya lissafo dabbobi. Baba tsohon dillalin shanu ne, ya yi ta zubo su har ta ce ya isa. Da ta koma kan abu ukun, doki kawai ya tuna. Ya sunkuyar da kai.

"'Yata, hauka ne?"

"A'a, Baba. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke samun wasu in sun tsufa. Maganin warkewa ba mu da shi tukuna, shi ake nema. Amma jininku ya hau, wannan za mu iya kula da shi."

Ta gargaɗe mu kada a kulle shi, a dai riƙa raka shi cikin mutane. Sannan ta tambaye shi ko ya yarda a riƙa duba shi duk shekara saboda binciken.

"Rubuta ni," in ji Baba, yana nuna mu. "In bai amfane ni ba, zai amfani waɗannan."

Da la'asar muka iso gida. Yayata ta tara kowa ta maimaita bayanin likita, muka raba kwanakin rakiya a tsakaninmu.

Tafiyar ta koya mini cewa wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba abin ɓoyewa ba. Jiya ni na raka Baba masallaci. A hanya ya tambaye ni sunana sau biyu, na faɗa masa sau biyu.