Masarar da Ta Faɗo Daga Sama

Liman bai gama sallame sallar asuba ba na riga na ɗumama injin, muka bar Gusau garin da ɗan sauran duhu, ƙasa jiƙe da ruwan jiya. Mu biyu ne a tsohuwar jif ɗin kamfanin gyaɗar da nake wa tuƙi, ni da baƙon da maigidana ya damƙa mini saboda ɗan Turancin da na tsinto a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Jama'a, wannan baƙo ya ba mutanen gari wahala. Ba fari ba ne kamar Bature, ja ne mai baƙin gashi, shi ya sa duk inda muka tsaya sai a ɗauka Kwara ne, irin Larabawan nan masu sayen gyaɗa, a fara yi masa tallar buhu.

Ashe a Amurka aka haife shi, iyayensa kuwa mutanen Meksiko ne. Lokacin yaƙi matuƙin jirgin sama ne, cikin masu kwaso jirage daga bakin teku su bi ta Kano su wuce gabas. Wata damina hadari ya kore su daga hanya, shi da abokin tuƙinsa, ɗan unguwarsu, jirgin ya faɗo a dajin ƙasarmu. Shi aka ɗauke shi a sume da karyayyar ƙafa, abokin kuwa nan ya cika, mutanen ƙauye suka binne shi. Yanzu uwar mamacin ta tsufa, ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya take roƙo kafin ta bi ɗanta: a kawo mata ƙasar kabarinsa, ko cikin tafin hannu ce. Abin da ya tuna kawai, akwai rafi, akwai duwatsu. Na ce masa, Malam, ai ka kwatanta rabin Zamfara ke nan.

Bungudu muka fara nufa, don akwai gulbi. Hanyar kuwa sai addu'a, taɓo har gindin mota, amma dawa ta yi kai, gero ya sunkuya, hazo kwance a kan fadama kamar an shanya farin yadin sawaye. Baƙona yana ta kallo. Can ya ce daga sama ƙasarmu tabarma ce kore, shanu kuma kamar an watsa farin wake. Ya ce a can sama ba mai tambayarka ɗan wane ne kai, amma da ya koma gida da kakinsa da lambarsa, akwai gidan abincin da aka hana shi zama saboda launin fatarsa. Na ce to, mu ma da muka dawo daga Bama ba a yanka mana rago ba. Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

A kasuwar Bungudu ƙwan zabi kamar kyauta, na ci har na ji kunyar mai tallar. Muna shan fura sai na ga baƙona ya ƙura wa ludayin ido. Ba na duma ba ne, na farin ƙarfe ne mara nauyi, da 'yan ƙananan huji a jere a jikin mariƙinsa. Ya ce wannan fatar jirgi ce. Bafulatanar mai furar ta ce ita dai gadonsa ta yi wurin innarta, da suka yi mashekari wajen 'Yankuzo, ƙasar Tsafe, inda maƙera suka shekara suna ƙera cokula da wani tsuntsun ƙarfe. Wato mun yi yamma, abin nema yana gabas. Haushi ya kama ni, na juya mota ina mita.

Muka sake ratsa Gusau ba tsayawa, muka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, gajimare ya naɗa masa rawani, mikiya na shawagi a kansa. Daga Tsafe muka saki babbar hanya, jif ta yi ta tari har ta ƙi gaba, muka ƙarasa da ƙafa, shi yana ɗingishi, ni ina tsine wa ƙaya. Tambaya ta kai mu wata 'yar unguwar manoma a bakin rafi, wurin wani dattijo mai farin gemu da aka ce shi ya haƙa kabarin da hannunsa.

Bayan gaisuwa na faɗi abin da ke tafe da mu. Dattijon ya daɗe yana duban baƙon, sannan ya ce, "Kai ne mai ƙahwa. Bisa takarkarina anka kai ka bakin hanya." Ya kai mu bayan gari, ya nuna wani fili tsakanin kuka da gawo, ciyawa har ƙugu. Baƙon ya ce ina dutsen, ina sunan? A ƙasarsu, in ji shi, kowane kabari da alamarsa, har shekara-shekara ake zuwa da furanni. Na rasa yadda zan fassara masa cewa mu ba ma rubuta suna, itace ne da fasasshiyar tukunya, damina kaɗan ƙasa ta shafe. Rafin ma ya ci gefen filin tuni. Dattijon ya ce, "Wallahi ba ni yi maka ƙarya in ce ga wurin. Ko kabarin mahaihina ban iya nuna maka."

Baƙona ya zauna a kan tushen kukar, ya fito da 'yar kwalbar da ya zo da ita don ɗibar ƙasar, ya juya ta, ya mayar aljihu. Na ce ya ɗebi ko ta ina mana, ƙasa ai ƙasa ce. Ya ce ba zai yi wa mai jiran mutuwa ƙarya ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na kuma ji kunyar shawarata.

Muka koma zaure, aka kawo mana gasasshiyar masara a faifai, don baƙo ba ya tafiya da yunwa. Ni na kai hannu, sai na ga abin mamaki: ƙwayoyinta shuɗi ne mai duhu, kamar an tsoma a marina. Baƙon ya miƙe tsaye. Ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, wannan masarar garinsu ce. Uwar abokinsa ta ɗinka wa ɗanta ita a 'yar jaka ya rataya a wuya kamar laya, har suna yi masa tsiya a bariki.

Na tambayi dattijon. Ya ce da suka zo binne mamacin sun sami jakar a wuyansa, kuma kayan mamaci na magada ne, amana ce. To amma iri ba ya ajiyuwa, in ka ɓoye shi ƙwari su cinye, ko ya mutu a tsaye. Sai ya shuka ta a bayan gida, nesa da sauran masara don kada ta gauraya. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyoyi mafiya kyau ya ɗaure su dami, ya rataye a saman murhu inda hayaƙi ke bugu, rabon mai ita ke nan, in shekara ta juyo ba wanda ya zo sai ya shuka wancan ya rataye sabo. Ya shiga cikin gida ya fito da damin, ya yi baƙi da hayaƙi, ya ajiye a gaban baƙon.

"Ka kai ma uwa tai," in ji shi. "Ka ce mata tana nuna da wuri, tun gero bai yi ba, lokacin da rumbu ya ƙare. Yaran unguwar ga da ita suka tsallake yunwa ba sau ɗaya ba. Mun ci ba da izninta ba, ta yahe muna. Kuma ka tambaye ta, yanzu da mai abu ya zo, mu ci gaba da shukawa ko mu bari?"

Ni da na yi tafinta a gaban manyan hafsoshi, sai da na tsaya na share fuska kafin na iya juya wannan magana. Baƙon ya durƙusa, ya kama hannun dattijon da hannu biyu. Kalmar Hausa ɗaya ya roƙe ni in koya masa, ya faɗe ta da bakinsa: "Shuka."

La'asar sakaliya muka iso Gusau, taɓo har wuya. Washegari na kai shi tashar jirgin ƙasa, ɗan dako ya kai hannu zai haɗa damin da akwatuna, ya hana, ya rungume abinsa ya zauna da shi a cinya. Kwalbar kuwa ya bar mini ita a mota, ba komai a ciki.

Na yi ta yawo a duniya ina ganin amana ita ce ka kulle abu ka hana kowa taɓawa. Wannan tafiya ta nuna mini akwai amanar da sai an binne ta kowace shekara take rayuwa. Ban sani ba ko ya tarar da tsohuwar da rai, kullum ina roƙon Allah ya sa ya tarar. Zangarniya ɗaya da dattijon ya ba ni tana rataye a saman murhun maiɗakina, na kuma gargaɗe ta: ko yunwa za ta kashe ni, kada ta gasa mini ita kafin ruwan fari.